Yadda fasahar CRISPR ke magance amosanin jini, da abin da ya hana ta isowa gare mu

Ranar 16 ga watan Nuwamba 2023, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, sannan ranar 8 ga Disamba hukumar FDA ta Amurka ta bi sahu. Shi ne magani na farko a duniya da aka gina kan fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR, kuma ɗaya daga cikin cututtukan da aka fara tunkara da shi ita ce amosanin jini, wato sikila. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi ya nuna ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. A darasinmu na yau za mu duba yadda maganin ke aiki, da abin da yake iya yi, da wanda ba ya iyawa.

Harafi ɗaya cikin biliyan uku

Mai karatu ya ɗauki DNA a matsayin dogon rubutun umarni, irin wanda masu gina manhaja ke rubuta wa kwamfuta. Bambancin shi ne kwamfuta na aiki da sifili da ɗaya, shi kuwa jiki da haruffa huɗu yake aiki: A, T, G da C. Rubutun ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan uku. A cikinsa akwai sashen da ke ɗauke da umarnin ƙera himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. A jikin mai sikila, wuri ɗaya da ya kamata a rubuta GAG sai aka rubuta GTG. Shi ke nan kuskuren.

Amma wannan harafi ɗaya ya isa ya canza ɗabi'ar himogulobin. Da zarar ya sauke oksijin sai ya riƙa mannewa da 'yan'uwansa, su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar jini, su lanƙwasa ta kamar lauje. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana kutsawa cikin ƙananan jijiyoyi, tana kuma rayuwa kwana 120. Mai siffar lauje tauri gare ta, tana toshe hanya, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Daga nan ake samun ciwon ƙashi mai tsanani, da ƙarancin jini, da shanyewar ɓarin jiki a ƙananan yara.

Almakashin da aka aro daga bakteriya

CRISPR ba ƙirƙirar ɗan Adam ba ce. Garkuwa ce da ƙwayoyin bakteriya ke kare kansu da ita daga bairos. Idan bairos ya kai wa bakteriya hari ta tsira, sai ta ajiye guntun DNA ɗinsa, kamar yadda manhajar riga-kafin kwamfuta ke ajiye alamomin muggan manhajoji. Ranar da ya dawo, sai ta gane shi ta aika wani sinadari mai suna Cas9 ya datse shi. Wani abin sha'awa, masu binciken kamfanin Danisco, da ke samar da bakteriyar da ake haɗa yogot da cuku, su ne suka tabbatar da haka ta hanyar gwaji a 2007. Damuwarsu a lokacin ita ce bairos da ke lalata musu madara.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya rubuta wa Cas9 kowane adireshi da ake so. Ana ba shi ɗan jagora mai haruffa 20, sai ya bi rubutun DNA yana nema, kamar yadda kake neman kalma a cikin takarda a Microsoft Word, ya yanka daidai inda haruffan suka dace. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2020.

Sai dai a lura, Cas9 yanka ya iya. Ƙwayar halitta ce ke ɗinke inda aka yanka, kuma ɗinkin gaggawa take yi, wanda sau da yawa ke zubar da 'yan haruffa ko ya ƙara wasu. Saboda haka lalata wani umarni da CRISPR ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan gyara shi.

Casgevy ba ya gyara harafin sikila

A nan ne mutane da yawa ke yi wa labarin gurguwar fahimta. Maganin ba ya taɓa harafin T ɗin nan ko kaɗan. Zagaye ya yi.

Duk uwar da ta raini yaro mai sikila ta san cewa a watannin farko lafiya lau yake, sai ya doshi wata shida ake fara ganin kumburin hannu da ƙafa. A 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta kawo bayanin dalili: jariri a ciki yana amfani da wani nau'in himogulobin daban, na tayi, wanda ba ya mannewa, yana ma hana na sikila mannewa. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe umarnin wannan nau'i a hankali ya kunna na manya, kuma a na manyan kuskuren yake. An kuma lura cewa masu sikila a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya, waɗanda himogulobin tayi ke wanzuwa da yawa a jininsu har girma, cutar ta fi zo musu da sauƙi.

Tambayar da ta rage ita ce: ina makunnin yake? Sai a 2008 Stuart Orkin da Vijay Sankaran da abokan aikinsu a Boston suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe himogulobin tayi. Ba za a iya lalata ta gaba ɗaya ba, domin tana da wasu ayyuka a ƙwayoyin garkuwar jiki da ƙwaƙwalwa. Amma daga baya aka gano wani ɗan yanki da ke kunna ta a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Wannan yanki Casgevy ke datsewa. An kashe mai kashewa ke nan, sai jinin jarirantaka ya dawo. A jikin waɗanda aka yi wa gwajin, himogulobin tayi ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na jininsu ko fiye.

Mutum ta farko mai sikila da aka yi wa wannan aiki a Amurka ita ce Victoria Gray, 'yar jihar Mississippi, a watan Yuli 2019 a birnin Nashville. A alƙaluman da FDA ta dogara da su, cikin marasa lafiya 31 da aka bibiya tsawon lokacin da ya isa a yanke hukunci, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Kafin aikin, kowannensu kan fuskanci irin wannan tashin aƙalla sau biyu a shekara.

Ba allura ɗaya ba ce

Kalmar "magani" na iya sa mutum ya zaci ƙwaya ce ko allura. A gaskiya dashen ɓargo ne, sai dai ɓargon na mai shi ne. Da farko ana yi wa mara lafiya ƙarin jini na tsawon makonni. Sannan a ba shi wani magani, plerixafor, da ke koro iyayen ƙwayoyin jini daga cikin ɓargo zuwa jijiya, a tace su da na'ura. Sau da yawa sai an maimaita tacewar kafin a tara adadin da ake buƙata. Daga nan a aika su masana'anta, inda ake amfani da ɗan bugun lantarki a buɗe ƙofofi a jikin ƙwayoyin don Cas9 ya shiga. Wannan kaɗai na iya cin watanni.

Mataki na gaba shi ne mafi wuya. Dole a share tsohon ɓargo don sabon ya sami wurin zama, kuma da busulfan ake yi, wani maganin kansa mai ƙarfin gaske. Gashi na zubewa, baki na yin gyambo, garkuwar jiki na faɗuwa ƙasa warwas, shi ya sa mutum zai kwana a asibiti kimanin mako huɗu zuwa shida a killace. Busulfan na iya hana haihuwa har abada, ga mace da namiji. A ƙasashen da ake yin aikin, ana ba da shawarar a daskarar da ƙwan mace ko maniyyin namiji tukuna. A al'umma irin tamu, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya riƙe: gyaran a ƙwayoyin jini kaɗai yake. Wanda aka yi wa Casgevy har yanzu S zai gadar wa 'ya'yansa, don haka gwajin jinotaif kafin aure yana nan daram. Game da haɗarin almakashin ya yanka inda ba a aike shi ba, za a bibiyi waɗanda aka yi wa aikin har shekara 15.

Farashin da kamfanin Vertex ya sa a Amurka shi ne dala miliyan 2.2, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya haura naira biliyan uku, ban da kuɗin asibiti. A ganina ma kuɗin ba shi ne babban shinge ba. Ko da kyauta aka ba mu maganin, sai an sami cibiyar dashen ɓargo, da isasshen jini mai tsafta, da lantarkin da ba ya ɗaukewa. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, amma har yau cibiyoyin da ke yi ba su taka kara sun karya ba.

Inda bincike ya dosa

Abin da masana ke nema yanzu shi ne a yi gyaran a cikin jiki, ba tare da fitar da ɓargo ko busulfan ba. Matsalar ta koma ta marufi: da me za a naɗe almakashin ya isa inda ake so? Amsar da ta fi ci gaba ita ce wasu ƙananan ƙwallayen kitse da ido ba ya gani, irin waɗanda aka naɗe riga-kafin korona na Pfizer da Moderna da su. A 2021 kamfanin Intellia ya nuna za a iya ɗura CRISPR a jijiya cikin irin waɗannan ƙwallaye ya yi gyara a hanta. A 2025 kuma likitoci a Filadelfiya suka yi wa wani jariri mai wata cutar hanta ta gado magani da aka ƙera dominsa shi kaɗai, da sabon salon CRISPR da ke sauya harafi ɗaya ba tare da datse DNA gida biyu ba. Sai dai hanta ce ke zuƙe waɗannan ƙwallaye da kanta. Kai su cikin ɓargo aiki ne daban, kuma a kansa ake fama. Tun 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, suka yi alkawarin zuba dala miliyan 200 don neman irin wannan magani mai sauƙi ga sikila da ƙanjamau.

Kafin nan, akwai magani mai araha da ke bin wannan hanya ta ƙara himogulobin tayi, ko da yake bai kai Casgevy ƙarfi ba, kuma kullum ake shan sa: hydroxyurea, wanda FDA ta amince da shi don sikila tun 1998. Wani muhimmin bincike a kansa a gida aka yi shi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt sun yi amfani da na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka zaƙulo yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka ba su hydroxyurea. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet Haematology a 2022 ya nuna ƙaramin awo da matsakaici ba su bambanta ba wajen kare yaran, abin da ke nufin ko da ƙaramin awon ana iya farawa. Likita ne ke rubuta shi, kuma sai ana duba jini lokaci-lokaci.

A ɓangaren gano cutar ma an samu sauƙi. Na'urar Gazelle, wadda aka gina kan binciken Jami'ar Case Western Reserve aka kuma gwada a Kano, da batir take aiki, ana ɗaukar ta da hannu ɗaya, tana fitar da sakamako cikin kusan minti takwas. Akwai kuma 'yan tsinkayen gwaji irin su HemoTypeSC, masu kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro, da ke aiki da ɗigon jini daga diddigen jariri. Jaririn da aka gano da wuri za a fara ba shi fenisilin da riga-kafi da kariya daga sauro tun kafin ya cika wata shida, wato tun himogulobin tayi bai gama janyewa daga jininsa ba.