Yadda Ake Gyara Turancin Yau da Kullum a Salaga, Yendi da Bawku

Shawarar da aka fi ba babban mutum mai son gyara Turancinsa ita ce ya sayi ƙamus, ya riƙa haddace kalma goma kowace rana. Na daɗe ina koyar da manya da daddare, 'yan kasuwa da direbobi da mata masu koko da ƙosai, ban taɓa ganin wanda wannan shawara ta buɗe wa baki ba. Kalmomin na nan a kai, amma da ya tsaya gaban nas a asibiti sai harshe ya ɗaure.

Ka dubi kanka tukuna. Mutumin Salaga yana jin Hausa da yaren Gwanja, sau da yawa har da na Asante saboda cinikin doya. Na Yendi yana haɗa Dagbani da Hausa. A Bawku kuwa za ka sami mai albasa yana ciniki da Kusal, ya juya ya yi Mosanci, ya ƙarasa da Hausa, in ya tsallaka Sankasi ya ɗan taɓa Faransanci. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka koya da ƙamus. Turanci bai fi su wuya ba. Abin da ya raba shi da su, shi ba a zango yake kwana ba, yana can ofis da banki da makarantar yara, sai ka je da ƙafarka ka ɗauko shi.

Mataki na farko: ka zauna ka lissafa wuraren da Turanci ke ba ka kunya. Galibi ba su wuce asibiti, banki, ofishin Ghana Card, sabunta katin inshorar lafiya, taron iyayen yara, da saƙonnin MoMo ba. Zaɓi guda ɗaya, wanda ya fi damunka. Sauran su jira.

Na biyu: littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. 'Yan sidi kaɗan ne, kowane shago akwai.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: ka koma tsarin makarantar allo. Mu da muka taso a garuruwan malamai ba mu da buƙatar wani ya koya mana yadda ake hadda. Salaga ce fa garin da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna ya karantar, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa jama'a, shi kuma ya koma Kete Krachi. Tsarin da ya tsayar da karatu a irin waɗannan garuruwa kowa ya san shi: a rubuta kaɗan, malam ya biya, almajiri ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Haka za ka yi wa Turanci, ba ragi.

Allonka shi ne jimla uku, cikakku, ba kalmomi a warwatse ba. In asibiti ka zaɓa, ga misali: "How many times a day should I take it?" Sai "Before food or after food?" Ta ukun kuma, wadda nake tilasta wa kowane ɗalibina ya fara da ita: "Please, say it again slowly." Wannan jimla ita ke hana mutum gyaɗa kai alhali bai gane ba, kuma gyaɗa kai a ɗakin ba da magani ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kada ka karanta jimlar da kanka kafin a biya maka. Wannan gargaɗi nake ta nanatawa, mutane na ƙi. Bokon Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi kuwa Turanci rubutunsa daban, lafazinsa daban. Wanda ya fara ganin "should" da ido zai sa mata lam ɗin da babu ita a baki, kuma in kuskure ya riga ya zauna a harshe, fitar da shi ya fi koyon sabo wahala. Saboda haka kunne ne gaba, ido a baya. Sami wanda ya iya ya karanta maka jimlolin a hankali cikin saƙon murya na WhatsApp. Ƙaramar Tecno ko itel ta wadatar, kada wani ya ruɗe ka da sai babbar waya. Ka saurara, ka tsayar, ka faɗa da murya sosai kamar mai tilawa, ba a zuci ba. Wanda ya iya ajami ya rubuta yadda ya ji sautin a ƙarƙashin kowace jimla, yana taimakawa ƙwarai. Sannan ka naɗi muryarka, ka jera ta da ta mai biya maka. Za ka ji bambancin da kunnenka.

Yaushe ake wanke allo? Ba ranar da ka haddace ba. Sai ranar da ka faɗa wa wani mutum jimlar a wurin da ake buƙatarta, ya gane, ya amsa. Kafin nan kada ka ƙara sabo. Masu gaggawa sukan cika littafi cikin wata ɗaya, su wayi gari ba shafi ɗaya a bakinsu. Kuma ka ware rana guda a mako, ko da Juma'a bayan an sauko, ka yi tilawar tsofaffin shafuka daga farko.

Na huɗu: lissafi. Wannan na ware shi daban domin nan kuɗi ke salwanta. Kunnen da bai saba ba ba ya raba "fifteen" da "fifty", ko "thirteen" da "thirty". Ta farkon ana jan ƙarshenta a ƙare da nun, ta biyun a taƙaice take, nauyinta a farko. Amma a hayaniyar tasha wa ke jin nun? Maganinsa ka tambaya kai tsaye: "One-five or five-zero?" Ko ka miƙa waya a buga maka lambar. Ba kunya a kan kuɗi. Ga kuma tsohon lissafi: tun watan Yuli na 2007 aka canja kuɗin Ghana, sidi 10,000 na da suka koma sidi 1, amma har yau a kasuwanninmu wasu na ce wa sidi 100 miliyan ɗaya. A banki da takardun hukuma ka yi magana da sabon lissafi kawai.

Daga nan ka buɗe tsofaffin saƙonnin MoMo da ke wayarka. Kalmominsu ba su da yawa, su ne suke ta dawowa: "received", "sent", "balance", "fee", "approve". Kwafe saƙo ɗaya a littafi, a fassara maka shi kalma-kalma, ka riƙe. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ganin dattijo ko uwa tana miƙa wa baƙo waya ya karanta mata, har da faɗa masa lambar sirri. 'Yan damfara da wannan suke ci. Sukan turo saƙo mai kama da na kamfani, su kira su ce kuskure aka yi, a mayar musu. Saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, ba da lambar mutum ba, kuma mai MTN ya buga *170# ya duba abin da ya rage masa da kansa kafin ya amsa wa kowa.

Na biyar: horar da kunne. Saurari labarai da Hausa ko Dagbani tukuna, a Rediyo Savannah ta Tamale ko BBC Hausa, sannan ka nemi labaran ranar da Turanci a GTV ko Joy FM ko Citi FM. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, kunnenka zai riƙa cafke kalmomi yana ɗora su a kan abin da ka sani. Fina-finan Amurka ka bar su tukuna. Nas ɗin da za ta duba ka a Yendi ba da hanci take magana ba, Turancin Ghana take yi, shi za ka fara ji. Sharhin ƙwallon Ingila ma ya cika sauri. In ka yi nisa akwai shirin BBC mai suna 6 Minute English, sauke shi lokacin da kake da data, ka yi ta ji.

Na shida: abokin hira. Ɗanka ko 'yarka da ke ƙaramar sakandare za su iya biya maka karatu, amma hira da su takan yi nauyi, uba ba ya son ɗa ya gyara masa magana a gaban mutane. Iyaye mata sun fi samun sauƙi nan, domin zama kusa da yaro lokacin aikin gida darasi ne kyauta. Wanda na fi so shi ne baƙo. Kowace shekara ana turo masu bautar ƙasa da malaman makaranta da ma'aikatan jinya daga kudu, sun zo ba su jin Hausa, ba su jin yaren gari, ana tsawwala musu farashi a kasuwa. Je ka gaishe da ɗaya daga cikinsu, ka ce: Malam, ni zan koya maka gaisuwa da ciniki da Hausa, kai kuma ka yi hira da ni da Turanci bayan la'asar. Ban da kuɗi, kowa ya amfana.

Ku yi sharaɗi biyu tun farko. Ɗaya, ban da Turancin buroka. Buroka tana da amfaninta a tasha, amma in ta gauraya da abin da kake koyo, ranar da ka shiga ofis ita za ta riga fita. Biyu, kada ya katse ka a kowace kalma. Ya bari ka kai aya, sannan ya gyara abu guda. Na farkon da zai kama, na tabbata, shi ne "he" da "she", domin Hausarmu ta Ghana takan ce "ya zo" ko mace ce ta zo. Na biyu "p" da "f". A bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi maka dariya sau ɗaya, canja shi.

Na bakwai: karatu da cike fom. Daily Graphic ta yi wa mai farawa nauyi. Nemi Junior Graphic ko tsohon littafin firamare na yaranka, ka riƙa karanta ɗan sakin layi da murya. Ka roƙi fom na banki wanda ba a cike ba, ka yi hotonsa, ka yi ta gwaji a gida har ka san inda ake sa "surname", da "date of birth", da "next of kin". A nan ne ƙamus ke da amfani, don duba kalmar da ta tare maka hanya. Na Neil Skinner, Turanci zuwa Hausa, yana da kyau in ka sami mai zuwa Kano ya taho maka da shi.

Mai son aji sosai ya je ofishin majalisar gunduma ya tambayi hukumar yaƙi da jahilci, wadda a da ake kira NFED, yanzu Complementary Education Agency, ko suna da aji a unguwarsa. Mai neman takardar shaida kuma akwai jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda ake ce wa Nov-Dec.

Sai sunanka. Ka duba yadda aka rubuta shi a Ghana Card, ka haddace shi harafi-harafi da sunayen haruffan Turanci, musamman A da E da I, waɗanda ke rikita kowa. Kada yau ka rubuta Mohammed, gobe Muhammad, jibi Mahama. Harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin katinka da asusun banki, sai ka yi zirga-zirga da rantsuwar kotu kafin a gyara.