Sauya Fayil ɗin Bidiyo Daga Wani Tsari Zuwa Wani

Gabatarwa

Sau da yawa malami yakan shirya darasi, ya samo bidiyon da ke nuna yadda zuciya ke harba jini ko yadda tsiro ke fitowa daga ƙwayar iri, ya zuba shi a filash, ya zo aji ya soka a jikin talabijin. Ɗalibai sun yi tsit suna jira, sai akwatin ya nuna cewa bai gane wannan fayil ba. Wani lokaci murya ce za ta fito babu hoto, wani lokaci kuma hoto ya fito babu murya. Alhali kuwa bidiyon nan lafiya lau ya yi a wayar malamin a daren jiya. A irin wannan hali akan ɗora wa filash ko talabijin laifi, amma galibi matsalar tana ga tsarin da aka ajiye bidiyon a cikinsa. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa tsare-tsaren suka yi yawa, da abin da ke faruwa idan aka sauya fayil daga wani zuwa wani, da kuma abin da ake asara a yayin sauyawar.

Girman bidiyo

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu waɗanda ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Kowane hoto ɗaya a cikin jerin ana kiran sa firam. A tsarin talabijin na PAL, wanda Nijeriya ta bi, firam 25 ake nunawa a kowane sakan. Shi kuma kowane firam ƙananan ɗigo-ɗigo ne suka haɗu suka yi shi, waɗanda ake kira fiksel.

Bari a yi ɗan lissafi. Hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana buƙatar bayit 3 domin a ajiye gwargwadon ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Ke nan firam ɗaya ya haura bayit miliyan 6. Idan aka ninka wannan sau 25, sai a ga sakan ɗaya yana cin kimanin megabayit 155, minti ɗaya ya wuce gigabayit 9, awa ɗaya kuwa kusan gigabayit 560. Da haka ake ajiye bidiyo, da katin waya mai gigabayit 32 ba zai ɗauki ko minti huɗu ba. Don haka tilas ne a matse shi.

Yadda ake matse bidiyo

Hanyoyi uku ne manya ake bi. Ta farko ta dogara ne a kan halittar idon ɗan Adam, wanda ya fi lura da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Saboda haka sai a ajiye hasken kowane ɗigo, amma launi sai a haɗa ɗigo huɗu a ba su guda ɗaya. Wannan kaɗai yana rage rabin nauyin hoton, ido kuma da wuya ya gane.

Hanya ta biyu ita ce a yanka firam gida-gida, a bi kowane gida da wani lissafi da ke ware manyan siffofi daga ƙananan bayanai, sannan a zubar da ƙananan da ido ba zai damu da su ba. Wani masani haifaffen Indiya mai suna Nasir Ahmed ne ya ƙirƙiro wannan lissafi a Amurka, aka buga shi a shekarar 1974, kuma ana kiran sa DCT. Idan aka matsa wa hoto fiye da kima, sai gidajen su bayyana a fili. Su ne murabba'an nan da ake gani a fuskar ɗan wasa idan bidiyo ba shi da kyau.

Hanya ta uku ita ce ta fi rage nauyi. A dubi mai karanta labaru a talabijin: bangon da ke bayansa da teburin da ke gabansa ba su motsi, leɓɓansa da idanunsa ne kawai ke canjawa. Babu amfanin a ajiye bangon nan sau 25 a kowane sakan. Sai a ajiye cikakken firam guda ɗaya, waɗanda ke biye da shi kuma a rubuta abin da ya canja kaɗai. Bayan ɗan lokaci a sake ajiye wani cikakken, a ci gaba a haka.

Da waɗannan hanyoyi, bidiyon awa ɗaya da zai ci gigabayit 560 yana iya komawa gigabayit 2 da ɗan ɗori, kuma ya kallu da kyau. Ƙa'idar da ake bi wajen matsewa da kuma warwarewa a lokacin kallo ita ake kira kodek. Abin lura shi ne, abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Ambulan da wasiƙa

Haruffan da ake gani a ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 da AVI da MKV da MOV, sunan mazubi ne kawai. Mazubin shi ke riƙe da hoto da murya da rubutun fassara, yana kuma ɗauke da bayanin da zai sa murya ta tafi daidai da hoto. Kamfanin Apple ne ya fito da MOV a 1991, Microsoft ya fito da AVI a 1992, a kan tsarin MOV aka gina MP4, MKV kuma ya bayyana a 2002.

Ana iya kwatanta mazubi da ambulan, kodek kuma da irin rubutun da aka yi wasiƙar da ke ciki. Mutumin da boko kaɗai ya iya zai buɗe ambulan ba tare da wahala ba, amma idan ya tarar da ajami aka rubuta wasiƙar, sai ya tsaya. Haka talabijin ɗin malamin nan ya yi: ya san MP4, ya buɗe, amma kodek ɗin da ke ciki baƙo ne a wurinsa. Da yake hoto da murya kowanne da nasa kodek, na'ura tana iya gane ɗaya ta kasa gane ɗayan, shi ya sa murya kan fito babu hoto. Daga nan za a fahimci cewa goge haruffan ƙarshen suna a rubuta wasu ba ya sauya komai a cikin fayil, kamar yadda canja rubutun bayan ambulan ba ya mai da ajami boko.

Dalilin yawan kodek

A shekarar 1988 aka kafa wani kwamitin ƙwararru na duniya mai suna MPEG domin tsara ƙa'idojin matse bidiyo. MPEG-1 ya fito a 1993, shi ne kuma na faifan VCD, mai hoton ɗigo 352 sau 288. Faifai ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim yakan zo a faifai biyu. MPEG-2 ya biyo baya, aka yi amfani da shi a faifan DVD mai hoton ɗigo 720 sau 576. A 2003 aka fito da H.264, wanda har yanzu kusan kowace waya da talabijin da kwamfuta sun san shi. H.265 ya zo a 2013, da manufar rage kusan rabin nauyin fayil ba tare da hoto ya ragu ba. AV1 kuma ya fito a 2018 daga wani ƙawancen manyan kamfanoni da ke son kodek wanda ba a biyan kuɗin lasisi a kansa.

Kowane sabon kodek ya fi na baya iya matsewa, amma ya fi shi buƙatar lissafi. Talabijin da na'urorin kunna faifai kuwa da ɗan guntun lantarki suke warware bidiyo, wanda aka ƙera shi a kan kodek ɗin zamaninsa. Talabijin da aka ƙera kafin 2013 ba shi da hanyar sanin H.265, alhali wayoyi da yawa da shi suke ɗaukar bidiyo, ciki har da iPhone tun daga 2017.

Masu kallon fina-finan Hausa sun ga wannan canji da idonsu. Harkar ta soma ne a kaset na VHS a Kano wajen 1990, ta koma VCD, sannan DVD. Da wayoyi suka yawaita, sai masu tura fina-finai a kasuwanni suka riƙa mai da su 3GP, mai ƙaramin hoto na ɗigo 176 sau 144, domin su shiga ƙananan wayoyi. Fim ya sami isa hannun jama'a, amma duk wanda kofin 3GP kaɗai ya rage masa, ba shi da hanyar dawo da kyan hoton asali.

Sauyawa iri biyu ce

Iri na farko shi ne canja mazubi kawai. Idan fayil MKV ne amma hoton da ke ciki H.264 ne, sai a ciro shi yadda yake a zuba a MP4. An canja ambulan ke nan, ba a taɓa wasiƙar ba. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma ba a asarar komai.

Iri na biyu shi ne canja kodek. A nan kwamfuta za ta warware kowane firam, sannan ta sake matse shi da wata ƙa'ida. Wannan yana ɗaukar lokaci, kuma a kowace matsewa ana sake zubar da wani abu. Misalinsa kamar takardar da aka yi wa fotokwafi ne, aka ɗauki kofin aka sake yi masa, aka kuma sake; kafin a je ko'ina rubutu ya dushe. Haka bidiyon da aka yi ta turawa ta WhatsApp yake lalacewa, domin manhajar takan matse shi kafin ta aika, sai dai idan an tura shi a matsayin dokumen. Haka kuma ɗaga ƙaramin bidiyo zuwa ɗigo 1,920 sau 1,080 yana ƙara masa nauyi ne kawai, bayanan da aka zubar ba za su dawo ba.

Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki. FFmpeg, wadda wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya soma a shekarar 2000, tana yin iri biyun, kuma manhajoji da dama a kanta suka dogara. HandBrake tana da sauƙin amfani wajen canja kodek. VLC kuma tana kunna yawancin fayiloli, tana kuma nuna sunan kodek ɗin da ke cikinsu.

Buƙatar mai tace hoto

Abin da mai kallo yake so daban ne da abin da mai tace hoto, wato mai editin, yake so. Mai kallo daga farko yake bi zuwa ƙarshe, ƙaramin fayil ya ishe shi. Mai tacewa kuwa gaba da baya yake yi, yana yanka a inda ya ga dama. Idan ya tsaya a kan firam wanda canji kaɗai aka rubuta a cikinsa, dole kwamfuta ta koma ga cikakken firam da ya gabata, ta lissafo duk na tsakani kafin ta nuna masa. Shi ya sa bidiyon H.265 yakan riƙa sarƙewa a ƙaramar kwamfuta.

Maganin da ƙwararru ke bi shi ne su mai da bidiyon zuwa kodek na aiki, irin su ProRes na Apple ko DNxHD na Avid, inda kowane firam cikakke ne. Fayil zai yi girma ninki-ninki, amma aiki zai tafi sumul. Wanda ba shi da wurin ajiya mai yawa yana iya yin ƙaramin kofi ya yi yankan a kansa, idan ya gama manhajar ta koma ga na asali ta fitar da aikin.

Akwai wata matsala kuma. Wayoyi da yawa ba su tsayawa a kan adadin firam guda. Suna iya rage shi idan haske ya yi ƙaranci. Wasu manhajojin tacewa kuwa tsayayyen adadi suke sa rai, sai a ga baki yana motsi murya tana baya. Sauya fayil ɗin zuwa tsayayyen adadi, kamar 25 ko 30 a sakan, kafin a soma aiki yakan kawar da wannan.

Matakan da ya kamata a bi

Da farko a buɗe fayil a VLC a duba kodek na hoto da na murya. Na biyu, a binciki abin da na'urar da za a kunna take karɓa. Na uku, idan canja mazubi zai wadatar, kada a taɓa kodek. Na huɗu, idan ba a san na'urar da za a tarar ba, a zaɓi MP4 mai hoton H.264 da muryar AAC, domin shi ne ya fi karɓuwa. Na biyar, a gwada fayil ɗin a kan na'urar tun kafin ranar darasi. Na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci, kada a goge fayil na asali, kuma duk sabon kofi daga gare shi za a yi.

Kammalawa

Makarantu da dama suna da bidiyon ranar ba da kyaututtuka, da na wasan kwaikwayo, da na hira da dattawan gari waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan ba a sake ɗaukarsu. Idan aka matse su domin turawa aka goge na asali, an rage wa na baya abin da za su gani. Ya dace kowace makaranta ta ajiye na asali a wurare biyu daban-daban, ta riƙa fitar da ƙananan kofi daga gare su gwargwadon buƙata.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin mazubi da kodek?
2. Lissafa nauyin sakan ɗaya na bidiyon da ba a matse ba, mai ɗigo 720 sau 576, a firam 25.
3. Me ya sa murya kan fito a talabijin ba tare da hoto ba?
4. Kawo dalilai biyu da ke sa mai tace hoto ya sauya fayil kafin ya soma aiki.