Kada a Ɗura wa Batir Mai Sanyi Cajin Gaggawa

A tsakiyar watan Janairu aka jawo wata motar lantarki zuwa garejinmu a nan Winnipeg. Mai ita ɗan uwanmu ne, magidanci, da ita yake haya yana ciyar da iyalinsa na nan da na gida. Ya ce, "Injiniya, duba min ita don Allah. Ko rabin tafiyar da ta saba ba ta yi."

Da na jona kwamfuta sai kaina ya ɗaure. Motar ta kwana a fili cikin sanyin da ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili, amma sensa tana cewa batir yana digiri 25. Da muka buɗe, ashe hitar batir ta daɗe da mutuwa. Wani mai gyaran araha ne, maimakon ya canza ta, ya yanke wayar sensar ya ɗaura rasista don fitilar gargaɗi ta daina damun mai mota. Wai shi ya yi gyara ke nan!

Ita kuwa ƙwaƙwalwar batir ta yarda akwai ɗumi, sai ta saki wuta gaba ɗaya. Kullum da asuba bawan Allah nan yana zuwa wurin cajin gaggawa, yana murna motarsa ta fi ta kowa saurin cika. Alhali idan batir ya sauka ƙasa da sifili, litiyam ba ya iya kutsawa cikin girafait ɗin batir da sauri, sai ya daskare a samansa ya zama ƙarfe. Yawancin abin da ya daskare ya tafi ke nan. Wani lokaci ma tsini yake fitarwa ya huda shingen da ke raba ɓangarorin batir, mota ta kama da wuta.

Mai motar ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu babu gyara?" Babu. Kuɗin wani batir ya kusa abin da ya sayi motar, garanti kuma ya tashi tun ranar da aka yanke wayar. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Idan caji ya yi jinkiri a sanyi, motarka ce take kare kanta, ka bar ta. Raguwar nisan tafiya saboda sanyi kawai ma ba cuta ba ce: a 2019 ƙungiyar AAA ta Amurka ta auna raguwar kashi 41 cikin 100 a digiri 7 ƙasa da sifili idan an kunna hitar ciki, kuma yana dawowa da zarar gari ya yi ɗumi.

Ka sa wurin caji a taswirar motar tun kafin ka tashi, ta ɗuma batir a hanya. Na gaji da faɗar wannan. A Janairun 2024 masu Tesla sun yi cirko-cirko a wuraren caji a Chicago, batura a daskare. Ka yi caji da ka dawo daga aiki, batir na da ɗumi, ba da asuba ba. Ka bar ta a jone da dare. Kada ta kwana waje ƙasa da kashi 20. Batir nau'in LFP ya ma fi jin sanyi.

Kuma duk wanda ya ce zai kashe maka fitilar gargaɗi da araha, ɗauki makullinka ka tafi. Direbobinmu na haya a Kanada, Amurka da Turai, don Allah ku faɗa wa juna tun hunturu bai shigo ba.