Darasi Na Shida: Cunkoson Aiki a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

6.1 Gabatarwa

Malamin makaranta a yau ba ya rabuwa da kwamfuta, domin a cikinta yake tsara jarrabawa, ya kuma adana sakamakon ɗalibai. A wannan darasi za a duba wata matsala da takan addabi masu amfani da ita, wato cunkoson aiki a firosesa. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke aiwatar da duk umarnin da manhajoji suka aika mata. Alamomin matsalar sanannu ne: fanka ta riƙa gurnani, jikin na'urar ya ɗau zafi, a danna harafi ya ƙi fitowa sai bayan wani lokaci.

Abin takaici shi ne, da yawa sukan garzaya wajen mai gyara, shi kuwa maganinsa na farko shi ne ya goge komai ya ɗora sabuwar Windows. Ta haka sakamakon zango guda kan salwanta, alhali sau da yawa ba a taɓa tushen ciwon ba.

6.2 Gano Mai Laifi

Matakin farko shi ne a buɗe Task Manager ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Za a ga jerin manhajojin da ke aiki da kason da kowace ta ci cikin ɗari. Hawa zuwa kashi 100 na 'yan mintoci bayan an kunna kwamfuta ba abin damuwa ba ne. Wanda ya ɗore ba tare da ana wani aiki ba shi ne abin bincike. A nan a kula da System Idle Process, wanda yakan ruɗi sabon shiga. Idan ya nuna kashi 95, ma'anarsa firosesa tana hutawa ne da wannan kaso.

Wasu masu cin kason halattattu ne, kamar Windows Update da Microsoft Defender. Waɗannan haƙuri suke buƙata. Kwamfutar da ta yi watanni ba ta hau intanet ba, ranar da ta hau sai ta biya bashin sabuntawa gaba ɗaya. Wasu kuwa ɓarayi ne. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu yakan kwaso bairos, kuma tun daga 2017 aka sami yawaitar ɓoyayyun manhajojin da ke haƙar kuɗin intanet irin su Monero da ƙarfin kwamfutar mutum ba da saninsa ba. Baƙon suna mai cin kaso babba sai a bincike shi da manhajar kashe bairos kafin a goge, don kada a cire abin da Windows ke dogaro da shi. Tsofaffin kwamfutoci sun fi shiga hatsari, tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025.

6.3 Zafi da Ƙura

Wannan ɓangare shi ya fi shafar malamin da aka tura Talata Mafara ko Bakura ko Maradun. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura, fankar kwamfuta kuwa zuƙar iska take yi, don haka ƙurar takan taru ta toshe kafofin fitar zafi kamar auduga. A ƙauyukan da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori, ƙaiƙayin shinkafa ma yakan shiga. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a watan Afrilu, sai na'urar ta rasa inda za ta huce.

Firosesa tana da dabarar kare kanta. Idan zafinta ya kusanci digiri 100, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Sakamakon haka ƙaramin aikin da ba ya ɗaukar daƙiƙa sai ya riƙe ta tsawon lokaci, a ɗauka bairos ne. Ana gane wannan a shafin Performance na Task Manager: kwamfutar da aka rubuta mata gudun 2.5 GHz sai a gan ta ƙasa da 1 GHz tana tsakiyar aiki. Sake ɗora Windows ba ya maganin wannan ko kaɗan. Abin da ake bukata shi ne a kashe na'urar, a hure ƙurar da busasshiyar iska, a sa gwani ya sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, musamman a kwamfutoci 'yan gwanjo da man nasu ya bushe tun a ƙasar da suka fito. A guji ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko darduma, domin suna toshe mata numfashi. Haka kuma wasu kwamfutocin sukan rage gudu idan aka haɗa su da cajar da ba tasu ba.

Idan duk wannan bai yi ba har ya zama dole a goge, to malami ya kwafe takardun ɗalibansa a wuri biyu kafin na'urar ta bar hannunsa.

6.4 Auna Fahimta

1. Yaya za a bambance kwamfutar da bairos ya kama da wadda zafi ya rage wa gudu?
2. Kawo kalmomin aro guda biyar daga wannan darasi, tare da bayyana yadda Hausa ta sarrafa furucinsu.