Darasi Na 14: In Ruwan Injin Mota Yana Yoyo

Ran Juma'a kasuwar Wudil take ci. Wanda ya tsaya a bakin gada ran nan zai ga motoci ba iyaka. Waɗansu sun ɗauko shanu za su kara, waɗansu hatsi, waɗansu kuwa mutane daga Gaya da Garko da Sumaila. Da yawa cikinsu tsofaffi ne masu shan gas, watau man dizal. Akwai bas ɗin nan da ake kira J5, wadda kamfanin Peugeot ya fara fitarwa a 1981. A Turai har akan sa wa irinta gado da murhu, mutum ya yi ta yawo yana kwana ciki. Mu nan buhuna da awaki muke ɗora mata.

Sau da yawa mukan ga irin motar nan ta tsaya a gefen hanya. An ɗaga bonet, tururi yana tashi, yaron mota ya sheƙa kogi da jarka. Fasinja suna zaune a rana, tumatir yana ruɓewa cikin kwando, kasuwa tana watsewa. Galibi abin da ya jawo wannan duka ɗan rami ne wanda bai kai ƙwayar gero ba. Ko ba mu da mota, muna shiga mota, ƴaƴanmu kuma suna bin mota. Saboda haka ya kamata mu san sha'anin nan.

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel shi ya ƙago injin dizal, ya kuwa samu ya yi aiki sosai a 1897. Injin yakan matse iska har ta yi zafi ƙwarai. Sa'an nan a fesa mai a ciki, man ya kama da wuta don kansa. Wutar nan ita ke tura mota. Amma ba dukan zafinta ke zama aiki ba. Wajen sulusinsa ruwa ne ke kwashewa, in ba haka ba ƙarfe ya lalace.

Ga yadda ruwan yake tafiya. A jikin inji akwai hanyoyi da aka bar masa. Famfon ruwa yana tura shi cikinsu, ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. Lagireto shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma da ke gaban mota. Cike yake da ƴan siraran bututu. Iska tana ratsa su, fanka tana taimakonta, sai ruwa ya huce, kamar yadda uwargida take fifita kunu. Daga nan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta kewayawa. In babu yoyo, ba ya raguwa sai ɗan kaɗan. Motar da kullum safiya sai an ƙara mata ruwa, ba lafiya gare ta ba, ko da direba ya ce halinta ke nan.

Murfin lagireto ba murfin tulu ba ne. Yana da roba da ɗan ƙarfe mai dannawa, don ya tsare ruwa a matse. Ruwan tukunya yakan tafasa a wajen awo 100 na ma'aunin zafi. Ruwan da aka matse kuwa yakan kai kusan 120 bai tafasa ba. To, a nan haɗarin yake. In muka buɗe murfi inji yana da zafi, ruwan nan zai tafasa nan take, ya yi tsiri sama, ya saluɓe fatar hannu da ta fuska. Kada mu yarda a aiki yaro ya buɗe. A kashe inji, a jira rabin sa'a ko fiye, sai tiyon sama ya yi laushi, hannu yana iya riƙe shi. Sa'an nan a rufa tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan, a bar iska ta gama fita. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Mun san abin da kan sami tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta an zuba mata ruwan randa.

Yanzu sai neman ramin. A cika ruwa da yamma, a ajiye mota a busasshen wuri, a shimfiɗa kwali ƙarƙashinta. Da safe a duba inda ya jiƙe. Amma fa mu lura, ruwa yakan bi jikin ƙarfe ya yi nisa kafin ya ɗiga. Saboda haka mu bi sawunsa zuwa sama, kamar mai bin sawun ɓarawo. Inda ya daɗe yana tsattsafowa akan ga farin tabo ko jan tsatsa.

Mu fara da abu mai araha. Mu matsa kowane tiyo da hannu. In ya yi tauri kamar ƙirgi, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, ya mutu. Mu duba bakinsa inda aka ɗaure shi da kilif, gama nan ne ya fi yoyo. Mu duba robar murfi. Sau da yawa an kwance lagireto ɗungum, alhali murfi ne kaɗai ya gaji. Bayan wannan mu duba famfon ruwa. Akwai ɗan rami a ƙarƙashinsa wanda maƙeransa suka bari da gangan. In ruwa yana fita ta nan, robar cikin famfon ta cinye, sai a sake wani. Waɗansu motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi suna da ɗan ƙaramin lagireto a gaban ƙafar direba, don ɗumama ɗaki. In shimfiɗar ƙasa tana jiƙewa ba damina ba, shi ne. Makaniki yakan haɗa tiyonsa biyu ya raba shi da aiki, tun da ba mu cika bukatarsa ba.

Wani yoyon ba ya nunawa sai inji ya yi zafi. Don irinsa waɗansu makanikai suna da famfon hannu mai agogo. Sukan ɗaura shi a gurbin murfi, su buga iska, inji yana sanyi. Nan da nan ruwa zai nuna inda yake fita.

In a hanya abin ya same mu, akwai dabara. Tiyon da ya fashe a baki, a yanke wurin, a tura sauran, a ɗaure. Wanda ya fashe a tsakiya, a shanya shi, a naɗe da robar tsohon tif tam, a ɗaure da waya. A bar murfi sako-sako don kada ruwa ya matsu, a tafi sannu, ido yana kan agogon zafi. In bututu ɗaya na lagireto ne dutse ya huda, a matse shi da filaya. Wannan duka don a isa gari ne kawai. Waɗansu sukan fasa ɗanyen ƙwai ko su zuba garin barkono a ciki. Mu dai ba mu yaba ba. Abin da ya toshe rami yana iya toshe bututu masu lafiya. In an isa gari, lagireton tagulla akan liƙe shi da darma. Na zamani mai kan roba, in ya tsage, sakewa ta fi. Tiyo da murfi da famfo ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Akwai kuma yoyon ciki, shi ne mugun. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani faifai da makanikai ke kira gasket. Shi ya raba wuta da ruwa da baƙin mai. In inji ya yi zafi ya wuce kima, faifan nan yakan ƙone. Sai ruwa ya riƙa ɓacewa ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Farin hayaƙi ya yi ta fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama. A leƙa bakin lagireto a ga kumfa tana tasowa ba fasawa. A zaro sandar awon mai a ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wanda ya ga haka ya kashe inji. Wannan ba aikin gefen hanya ba ne. Sai an kwance kan injin, an gwada ko ya lanƙwashe, an sa sabon faifai. Kuɗinsa ya ninka na tiyo sau da yawa, ban da kwanakin da mota za ta yi ba ta nema.

Saura ruwan da za a zuba. Ruwan kogin Wudil da damina ja ne, laka gare shi, laka kuwa tana cushe bututu. In dole ta sa, a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle. Ruwan sama mai tsabta ya fi. Abin da ya fi duka shi ne ruwan nan mai launi, kore ko ja, da ake sayarwa don lagireto, gama yana hana tsatsa. Amma guba ne, ga shi da zaƙi. Kada a bar shi a kwano inda yaro ko akuya za su kai baki. A zuba a hankali, a tayar da inji iska ta fita, a bari ya huce, a sake dubawa a cika.

Tambayoyi

Don me ba a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi? Me za mu gani a baƙin mai in gasket ya ƙone?

Daga Wudil zuwa Kano wajen kilomita 40 ne. Wata mota tana zubar da ruwa lita 1 a kowace kilomita 10. Lita nawa za ta zubar zuwa da dawowa?

Kowa ya rubuta waɗannan a allonsa: ruwa, tiyo, murfi, famfo, lagireto.