Gigin tsufa: shawara ta waya ga mai jinya

Darasinmu na yau a kan gigin tsufa ne. Dukanmu mun san tsohuwar da za ta ci tuwo yanzu, an jima ta ce an hana ta abinci. Mun san tsohon da ya tafi masallaci ya kasa gane hanyar gida. Wasu su ce hauka ne, wasu su ce sammu, har akan yi wa tsohuwa ƙazafin maita. Ba ko ɗaya. Cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita. Har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da ita ba.

To, wa ke jinya? Galibi mace ce: ɗiya, ko matar ɗa. Da an cire amfanin gona, maza sun tafi cin rani. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce wankin tsoho. Da dare ba barci, don kada ya buɗe ƙofa ya fita. A rangadinmu na cibiyoyin karatun manya mun ga matan da suka bar darasi saboda haka. Kowa ya zo dubiya sai ya ce: "Ya mai jiki?" Ba mai tambayar nata jikin.

Wasu ƙasashe sun lura mai jinya ba ta iya barin gida neman shawara, sai suka kai mata shawarar ta waya. A Amurka, asibitocin tsofaffin sojoji sun baza wani shiri mai suna REACH VA a shekarar 2011. Ma'aikacin lafiya kan yi hira da mai jinya sau 4 cikin wata 2 ko 3, ido da ido ko ta waya. Ba wa'azi yake yi mata ba. Yakan tambayi abin da ya fi damun ta, su ɗauki matsala guda su nemi dabara, ta gwada, in ya sake kira ta faɗa masa yadda aka yi. Marar lafiya bai warke ba, amma bincike ya nuna damuwar masu jinya ta ragu. A 2019 kuma OMS ta fitar da darussan iSupport a intanet da littafi. Kashi guda cikin 5 na darussan, a kan lafiyar mai jinyar kanta ne.

Dabarun ba su fi ƙarfinmu ba. In Baba ya tambayi abu sau goma, a ba shi amsa a taƙaice, kada a yi gardama da shi: ba da gangan yake yi ba. In ya ƙi wanka da safe, a bari sai hantsi. A ɓoye ashana da maganin ƙwari na gona, a rufe bakin rijiya, a shaida wa maƙwabta yana iya ɓacewa.

Salula kuwa ta shiga ƙauyukanmu. Ranar da muka kai tsoho gidan likita, mu roƙi lambar malamin asibiti, mu tambayi lokacin da ya dace a kira shi. Nan ne karatunmu zai yi rana: mu rubuta a littafi ranar da abu ya faru, da abin da ya ci, da yadda ya kwana, mu karanta wa malamin. Ƴaƴan da ke cin rani, aiken kuɗi kaɗai bai isa ba. Su kira mai jinya, su saurare ta, su sa wani ya karɓe ta ko da yini guda a mako.

Amma akwai abin da waya ba ta yi. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. In tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana 1 ko 2, ko zazzaɓi ya kama shi, ko bakinsa ya karkace, ko gefen jikinsa ya mutu, a nemi amalanke ko mota a kai shi gidan likita nan take.