Amsoshin Tambayoyinku: Kallon 4K ta intanet a gida, ya kai kuɗinsa?

Tambaya: Ina da talabijin mai inci 43, ta shekara biyar a ɗakina kuma har yau lafiyarta ƙalau. Kwanan nan na shiga wani shago na ga wata mai inci 55, hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Mai shagon ya ce 4K ce, wai in na haɗa ta da babban tsarin Netflix haka zan riƙa gani a gida. Mu kuwa da ƙaramar na'urar Wi-Fi mai layin waya muke kallo, ni da iyali, bayan sallar isha'i. In saya in yi rajistar, ko in haƙura? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma akwai abubuwan da bai faɗa maka ba, kuma su ne za su taɓa aljihunka.

Hoton talabijin ƙananan ɗigogi ne da aka jera. In taka irin wadda ake kira Full HD ce, tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. Ta 4K tana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, kimanin miliyan 8.3. Ninki huɗu ke nan, babu gardama. Sai dai idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai lafiyar ido, idan ya zauna nesa da talabijin mai inci 55 da fiye da mita biyu da kaɗan, ba ya iya rarrabe ɗigogin Full HD ma, balle na 4K. Kafin ya ci moriyar 4K gaba ɗaya a allo mai wannan girman, sai ya matso kusan mita ɗaya. A inci 65 iyakar ta kai wajen mita biyu da rabi. A inci 43 irin taka kuwa ba ta kai mita biyu ba.

To tuna yadda ka tsaya a shagon nan. Na san irin tsayuwar, don ni ma na yi ta: kana gaban allon, tsakaninku bai fi kamu uku ba, ana nuna gashin aku ɗaya bayan ɗaya, ko raɓa a kan ganye, an ƙure haske da launi. Kuma galibi wannan hoton ba ta intanet yake zuwa ba. Yana cikin filas da aka soka a bayan talabijin ɗin, ko cikin ita kanta, an shirya shi musamman don jan hankalin mai saye. A falonka kujera tana jikin bango, talabijin tana ɗaya bangon. Ka ari tef ɗin tela ka auna tsakaninsu. In ka samu mita uku, kamar yadda yake a gidaje da yawa, ƙarin ɗigogin nan miliyan shida ba za su iso idonka ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna, data. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon 4K yana iya cin har giga 7 a awa guda, HD kuma har giga 3, hoto na gama-gari kuwa bai wuce giga ɗaya ba. Mu ɗauka awa biyu kuke kallo kowane dare. A wata, 4K zai iya lashe giga 420, Full HD giga 180. Ka ɗauki wayarka ka duba nawa kamfanin layinka yake sayar da giga 400, musamman tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025. A nan ne mafi yawan mutane suke gane cewa kuɗin talabijin sau ɗaya ake biya, na data kuwa kowane wata. Ga shi kuma 4K a Netflix sai a tsari mafi tsada. Wani ɗan'uwana ya sayi irin wannan talabijin gab da Sallah, ya bar saitin a kan mafi girma, yara suka wuni suna kallon katun. Datar da ya saba yin wata da ita ba ta ga ƙarshen mako ba, kuma yaran ba su san an canza musu komai ba.

Ka kuma yi hattara da tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka. Da yawansu suna da ƙa'ida a ƙasa da ƙananan haruffa: in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu. Ka karanta ta kafin ka biya.

Gudun ma abin dubawa ne. Netflix yana neman megabit 15 a daƙiƙa don 4K, YouTube yana ba da shawarar 20, alhali Full HD megabit 5 ya ishe shi. Kuma ana nufin gudu mai ɗorewa, ba wanda zai kai 30 da asuba ya faɗo 4 da ƙarfe tara na dare ba, lokacin da duk unguwa ta hau kan turken sadarwa ɗaya. Idan gudu ya ragu, manhajar ba ta sanar da kai. Shiru take rage ingancin hoton don kada ya tsaya, sai ka biya kuɗin 4K kana kallon abin da bai kai Full HD ba. Ka shiga fast.com, shafin auna gudun intanet, daidai lokacin da kuka saba kallo, dare uku a jere, ka rubuta abin da ka gani. Wanda ke da wayar faiba a gida, ko 5G mai ƙarfi, ko Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023, shi lissafinsa daban ne.

Sannan me kuke kallo? Talabijin ba ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Tsohon fim, wa'azin da aka ɗauka da waya, shirin da aka ɗora a 720 ko 1080, duk sai dai ta shimfiɗa su su cika allon. Idan shirye-shiryen Hausa masu dogon zango ne abin kallonku a YouTube, ka danna alamar saiti a kan bidiyon ka duba jerin lambobin. In ba ka ga 2160 ba, babu 4K a wurin.

Ba ina cewa sababbin talabijin ba su da fifiko ba ne. Suna da shi, amma mafi yawan abin da ya burge ka a shago ya fito ne daga girman allo da kuma abin da ake kira HDR, wato faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu, yadda fitila za ta yi ƙyalli, dare ya yi baƙi ƙirin, kuma ka ga abin da ke cikin inuwa. Wannan kam ido yana kama shi ko daga ƙofar ɗaki. Sai dai yana buƙatar allo mai haske sosai, kuma akwai masu araha da aka rubuta musu HDR a kwali amma haskensu bai kai su nuna shi ba. Babban allo mai haske kuma ya fi shan wuta, abin lura ga mai sola ko mai kunna inji.

Gani ya kori ji, kuma gwajin ba sai ka biya kuɗin wata ba, domin YouTube ya fara karɓar bidiyon 4K tun 2010 kuma kyauta ake kallonsa. Ka je wurin mai irin talabijin ɗin, ku buɗe bidiyo ɗaya, ka ja da baya daidai nisan kujerarka ta gida. Ka juya baya, shi ya sauya tsakanin 1080 da 2160 ba tare da ya faɗa maka ba, ka waiwayo ka faɗi wanne ne wanne. Ku yi sau biyar.

Shawarata gare ka, Malam: tunda talabijin ɗinka lafiyarta ƙalau, ka riƙe abarka. Ranar da ta gaji, ko kuka ga falon yana son babba, ka sayi mai 4K ɗin ba tare da fargaba ba, don manyan talabijin na yanzu kusan duk haka suke zuwa, amma ka zaɓe ta saboda hasken allonta da kyawun launinta. Rajistar 4K kuwa, muddin da layin waya kuke kallo kuma giga-giga kake sayen data, kada ka yi ta. Ka tsaya a 1080, in data ta yi wuya ka sauko 720.